Allura babu ƙarfe: yadda hasken leza ke tura magani cikin fata, da abin da ya rage kafin ta iso Meiganga

Fiye da shekara goma ke nan masu bincike a Koriya ta Kudu da ƙasar Holan suna aiki a kan wata na'ura da ke shigar da magani cikin jikin mutum ba tare da an soka masa ƙarfe ba. Hasken leza ne ke ingiza maganin, ya fito siriri kamar gashin kai, da gudun da zai sa ya huda fata da kansa.

Labarin ya shafi wurare irin su Meiganga, hedikwatar sashen Mbere a jihar Adamaoua, inda ma'aikatan lafiya ke yi wa 'yan gari da makiyaya rigakafi, tare da 'yan gudun hijirar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da ke zaune a Ngam da Borgop. A irin wannan wuri kowace allura na tafe da nauyinta: sai an kawo sirinji daga nesa, sai an sami wanda ya iya yi, sai an ƙone ƙarfen bayan an gama.

Sai dai allurar da babu ƙarfe ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. An yi amfani da wata irinta a Kamaru da Najeriya da Nijar da Chadi tun shekarun 1960, daga baya aka ajiye ta. Dalilin ajiye ta shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora sabuwar a kai.

Yadda na'urar ke aiki

Duk wanda ya taɓa danne bakin tiyo da babban yatsa ya ga yadda ruwa ke ƙara ƙarfi idan ƙofar fitarsa ta matse. Haka kuma duk mai girki ta san yadda tururi ke ɗaga murfin tukunya. Waɗannan abubuwa biyu ne aka haɗa a cikin na'urar.

A shekarar 2012 Farfesa Jack Yoh da abokan aikinsa na Jami'ar Ƙasa ta Seoul suka wallafa sakamakon gwajinsu a mujallar Optics Letters. Na'urarsu na da ɗakuna biyu ƙanana, da wani tantani mai taushi a tsakani. Ɗaki na sama ruwa ne zalla, na ƙasa kuma magani. Idan aka harba hasken leza cikin ruwan, na tsawon kashi ɗaya cikin 4,000 na sakan, sai wani ɗan yanki na ruwan ya tafasa nan take, kumfa ta taso. Kumfar ta danna tantanin, tantanin ya danna maganin, maganin ya tsarto ta wata 'yar ƙofa.

Kaurin tsartuwar kusan kashi ɗaya cikin bakwai na milimita ne, wato ya ɗara gashin kai da kaɗan. Gudunta ya kai mita 30 a sakan, fiye da kilomita 100 a awa ke nan. Sun zaɓi irin lezar da likitocin fata suka saba aiki da ita, domin ruwa na shanye haskenta sosai. Da aka gwada a fatar ɓeran Masar, maganin ya shiga 'yan milimitoci ƙarƙashin fata.

Abin lura a nan shi ne, hasken ba ya taɓa jikin mutum. Aikinsa ya ƙare a cikin na'urar. Maganin ne kaɗai ke isa fata.

A Jami'ar Twente da ke Holan, Farfesa David Fernandez Rivas ya bi wata hanya mai kama da wannan, da na'urar da ya kira BuBble Gun. Shi a cikin wani siririn bututun gilashi yake zuba ruwan maganin, ƙaramar leza ta zafafa gefe ɗaya, kumfa ta tura ɗan ɗigo waje cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Tarayyar Turai ta tallafa wa aikin da yuro miliyan 1.5, kusan sefa miliyan 984. Daga wannan bincike ne aka kafa kamfanin FlowBeams.

Dalilin da ya sa masu binciken ke sa ran zafin zai ragu shi ne ƙanƙantar hudar da kuma rashin zurfinta. Fata hawa-hawa ce: akwai busasshiyar ɓawo a sama, sai asalin fata mai kaurin milimita ɗaya zuwa biyu a yawancin jiki, sai kitse, sai tsoka. Allurar da aka saba yi wa yara a cinya tana ratsa duk waɗannan har tsoka. Ta leza a cikin fata take tsayawa.

Me ya sa ake son rabuwa da ƙarfen allura?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana yin allura kimanin biliyan 16 a kowace shekara a faɗin duniya. Kusan kashi 90 cikin 100 na jinya ne, rigakafi kuwa kimanin kashi 5 ne kacal. Wani bincike da hukumar ta ɗauki nauyinsa ya nuna cewa a shekarar 2010 kaɗai, allurar da ba ta da tsafta ta sa wa mutum har miliyan 1.7 ciwon hanta nau'in B, ta sa wa har 315,000 nau'in C, ta kuma sa wa har 33,800 cutar HIV.

Kamaru na da nata tabon a wannan fanni. Tun daga shekarun 1920, lokacin yaƙin da likitan Faransa Eugene Jamot ya jagoranta a kan ciwon barci, har zuwa ƙarshen mulkin mallaka, an yi wa ɗimbin mutane allura a kudancin ƙasar da sirinjin gilashi da ake maimaitawa daga hannu zuwa hannu. Wani bincike da aka wallafa a 2010, wanda masana na Cibiyar Pasteur ta Kamaru ke cikinsa, ya gano cewa fiye da rabin tsofaffin da aka gwada a Ebolowa, masu shekara 60 zuwa sama, na ɗauke da alamar ciwon hanta nau'in C. Binciken ya alaƙanta hakan da allurar zazzaɓin cizon sauro ta jijiya da aka yi musu a da.

Bayan wannan akwai haɗarin da ke kan ma'aikatan jinya da masu shara, waɗanda ƙarfen da aka gama aiki da shi kan soka. Akwai kuma tarin sharar da kowane gangamin rigakafi ke bari, wadda ke buƙatar kwalin ajiya na musamman da wurin ƙonawa. Sannan ga tsoro. Akwai yara da manya da ke ƙaurace wa asibiti don kawai kada su ga tsinin allura, akwai kuma masu ciwon suga da ke soka wa kansu insulin kullum.

Bindigar lamba: an taɓa yi a nan

Dattawan da suka haura shekara 60 a Garoua da Ngaoundere da Kano da Maraɗi, da yawansu na da tabon lamba a dantse. Wasu daga cikin waɗannan tabo ba ƙarfen allura ba ne ya yi su.

A 1967 aka soma gangamin kawar da agana da rage ƙyanda a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Kamaru, bisa tallafin Amurka da jagorancin cibiyar yaƙi da cututtuka ta CDC. Babban makamin gangamin shi ne wata na'ura mai suna Ped-O-Jet, wadda aka ƙera wa sojojin Amurka. Kamar bindiga take. Ma'aikaci ya taka feda da ƙafa, ya ɗora bakinta a dantse, ya danna, maganin ya shiga da ƙarfin matsi. Ba ta buƙatar lantarki, kuma idan layi ya daidaita tana iya yi wa mutum kusan 1,000 a awa guda.

Aikin ya yi nasara. Kafin ƙarshen 1969 an yi wa mutum miliyan 100 rigakafin agana a yankin, kuma a watan Mayun 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a waɗannan ƙasashe, a Najeriya. A 1980 aka ayyana cewa cutar ta ƙare a duniya. An ci gaba da amfani da irin wannan bindiga a gangamin sanƙarau da shawara na tsawon shekaru.

Matsalarta a bakinta take. Baki ɗaya ne ke taɓa fatar kowa, kuma lokacin da maganin ya huda fata, ɗan jini ko ruwan jiki da ido ba ya gani na iya fantsamowa ya manne a jikinsa, ya bi mutum na gaba. A tsakiyar shekarun 1980 aka tabbatar da haka a wani asibitin rage ƙiba da ke jihar Kaliforniya ta Amurka, inda gomman mutane suka kamu da ciwon hanta nau'in B ta hanyar na'ura guda. Rundunar sojin Amurka ta daina amfani da irin waɗannan na'urori a 1997, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta janye goyon bayanta ga masu baki ɗaya da ake maimaitawa.

Darasin a bayyane yake: cire ƙarfe kaɗai bai isa ya hana yaɗa cuta ba. Duk abin da ya taɓa fatar mutum a wurin huda, dole ya zama nasa shi kaɗai. Wannan ya fi muhimmanci a arewacin Kamaru, inda binciken ƙasa ya nuna ciwon hanta nau'in B ya fi yawa idan aka kwatanta da kudu.

Wadda ta riga ta iso Sakkwato da Kano

Masu ƙera na'urori sun gyara wannan aibi. Sabbin na'urorin matsi na da ɗan bututun roba da ake cika shi da magani, a yi wa mutum ɗaya, a jefar. Wadda ta fi shahara a fagen rigakafi ita ce Tropis ta kamfanin PharmaJet na Amurka, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancinta a 2018. Ba ta da leza, ba ta da batir. Sifirin ne a ciki, da hannu ake ɗana shi.

Amfaninta ya fito fili a yaƙi da shan inna. Rigakafin shan inna na allura, cikakkensa rabin mililita ne a tsoka. Amma fata cike take da ƙwayoyin garkuwar jiki, don haka idan aka sa kashi ɗaya cikin biyar na maganin a cikin fatar, sau biyu, yaro na samun kariya mai kyau. Da maganin ya yi ƙaranci a duniya daga 2016, hukumar ta ba ƙasashe shawarar bin wannan hanya. Wahalar ita ce, sa magani a cikin fata da ƙarfen allura, irin yadda ake yi wa jarirai rigakafin tarin fuka, aiki ne na gwanaye. Idan hannu ya ɗan zarce, maganin ya wuce inda ake so. Na'urar matsi na sauƙaƙa wannan, har wanda aka horar na ɗan lokaci zai iya.

A 2019 an yi wa dubban ɗaruruwan yara rigakafi da ita a birnin Karachi na Pakistan, kuma mafi yawan iyaye da ma'aikatan da aka tambaya sun ce sun fi son ta. An yi amfani da ita a Somaliya. A watan Nuwamban 2022 aka gwada ta a jihar Sakkwato, ma'aikata na bi gida-gida, abin da ba a saba yi da rigakafin allura ba. An kuma gwada ta a cibiyoyin rigakafin yau da kullum a jihohin Kano da Oyo.

Ke nan, idan allurar da babu ƙarfe za ta shigo cibiyoyin lafiya na Mbere ko na Benoue nan kusa, ta sifirin ce ke kan gaba a layi.

Abin da ya rage wa leza

To me leza ta fi sifirin da shi? Daidaito. Sifirin bugu ɗaya yake yi da ƙarfin da aka ƙera shi da shi. Leza kuwa ana iya ƙara mata ƙarfi ko a rage, a sauya girman ɗigon, a sauya zurfin da zai kai, a kuma harba ɗigo da yawa a jere. Wannan na da amfani domin fatar jariri daban take da ta manomi, ta dantse daban da ta ciki.

Amma akwai tsaunuka a gabanta.

Na farko shi ne yawan magani. Abin da leza ke turawa a harbi ɗaya ɗan ɗigo ne da bai kai kashi ɗaya cikin 100 na mililita ba. Yawancin rigakafin da shirin PEV ke yi wa yara a Kamaru rabin mililita ne, kuma da dama a tsoka ake yin su. Haka rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa shi cikin jadawalin yara a ranar 22 ga Janairun 2024. Kafin a mayar da kowane magani zuwa cikin fata, sai an yi masa gwajinsa na kansa a jikin mutane, a tabbatar yana aiki. Ruwan da ake ƙarawa ta jijiya, da ƙarin jini, da ɗibar jini don gwaji, duk suna nan da ƙarfensu.

Na biyu shi ne zafin da ke tayar da kumfar. Rigakafi da insulin ba sa jure zafi, shi ya sa ake ajiye su a firji. Tsarin Seoul ya raba ruwan da ake tafasawa da maganin, amma a tsarin da leza ke zafafa ruwan maganin kai tsaye, sai an nuna cewa bai lalace ba.

Na uku shi ne tsohuwar matsalar fantsamowa. Siririn ruwa mai gudu na iya dawowa baya idan ya bugi fata. Dole a tabbatar cewa ɓangaren da ke kusa da jiki na jefarwa ne, ko kuma babu hanyar da zai ɗauki cuta.

Na huɗu shi ne wuta da gyara. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma idan ruwanta ya ja baya ana shan ɗauke wuta, ko da yake tashoshin hasken rana na Maroua da Guider sun rage raɗaɗin. Ma'aikacin da zai hau babur ya bi makiyaya ruga-ruga yana buƙatar abin da zai jure ƙura da zafi da faɗuwa. Ped-O-Jet ma, duk da ba ta cin lantarki, yawan lalacewa da neman kayan gyara na cikin abin da ya sa a gangamin agana aka koma ga wata 'yar allura mai baki biyu, mai arha, wadda kowa zai iya koya cikin ɗan lokaci.

Na biyar shi ne kuɗi. Sirinjin da ke kulle kansa bayan amfani ɗaya, wanda hukumar UNICEF ke saya a sari, bai kai sefa 100 ba. Duk na'urar da za ta maye gurbinsa sai ta nuna inda za a mayar da kuɗinta, ko ta hanyar tsimin magani ko ta rage shara.

Saboda waɗannan dalilai, inda leza ta fara samun kasuwa shi ne gyaran fata. A Koriya ta Kudu ana sayar da na'urar Mirajet, wadda ke aiki da wannan dabara, ga asibitocin fata, don shigar da magungunan tabo da kwalliya. Can ɗigo kaɗan ake buƙata, akwai wuta, akwai masu biya.

Kuma ba ita kaɗai ke tseren ba. A Gambiya an gwada wani ɗan filasta mai ƙananan tsinuka da ke narkewa a fata, ɗauke da rigakafin ƙyanda, kuma sakamakon da mujallar Lancet ta wallafa a 2024 ya nuna ya ba yara kariya kwatankwacin ta allura.

Tsoron ƙarfe daban, rashin yarda daban

Masu tallata sabbin na'urori kan ce idan babu ƙarfe mutane za su fi fitowa rigakafi. Akwai gaskiya a ciki ga wanda tsini ne ke korarsa. Amma tarihin yankin nan ya nuna akwai wani abin da ya fi tsini kaifi.

A 1990, 'yan mata a makarantun yammacin Kamaru sun riƙa tserewa ma'aikatan da suka zo yi musu rigakafin tetanos, saboda jita-jitar cewa maganin na hana haihuwa. A 2003 jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna bisa irin wannan zargi, har zuwa tsakiyar 2004, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashe da dama, ciki har da Kamaru. Wancan rigakafin na Kano ɗigo ne a baki, babu allura ko kaɗan a cikinsa. Abin da ya warware rikicin shi ne gwajin maganin da aka sake yi, da shigowar sarakuna da malamai cikin aikin.

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na'urar da ke kama da bindiga, ana kuma ce akwai haske a cikinta, za ta iya haifar da nata zantukan idan ba a zauna da masu unguwanni da limamai da shugabannin makiyaya da iyaye mata an yi musu bayani cikin Fulatanci da Gbaya da Hausa ba, tun kafin ta iso.

Abin da ke hannun jama'a yanzu

Tunda kashi 90 cikin 100 na allurai na jinya ne, babban haɗarin ba a layin rigakafi yake ba. Yana wurin mai zazzaɓin da ke ganin ba a yi masa magani ba sai an soka masa allura, da masu sayar da magani a kasuwa ko a kan babur da ke biya masa wannan buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nanata cewa da yawa daga cikin waɗannan allurai ba a buƙatar su, ƙwaya za ta yi aikin.

Don haka akwai matakan da ba sa jiran wata sabuwar fasaha. Idan likita ya rubuta ƙwaya, kada a matsa masa sai allura. Idan allurar ta zama dole, ma'aikacin lafiya ne zai yi ta, a kuma buɗe sabon sirinji daga ledarsa a gaban mai ita. Bayan an gama, ƙarfen ya shiga kwalin ajiya, kada ya bi bola inda yara ke wasa. Masu ciwon suga kada su yi tarayya da kowa a alƙalamin insulin ko ƙarfensa. A kai jarirai su kammala jadawalin rigakafinsu, wanda ya haɗa da na ciwon hanta nau'in B.

Ranar da aka kawo na'urar da babu ƙarfe cibiyar lafiya ta Meiganga ko ta Garoua, ta sifirin ce ko ta leza, tambayoyi uku sun isa uwa ta yi: wane magani ne a ciki, ma'aikatar lafiya ta amince a ba da shi ta wannan hanya, kuma an sauya bakin na'urar bayan yaron da ya gabata?